Kallo a Ɗakin Takaba

Ni ɗiyar fari ce, don haka uwata ba ta faɗin sunana. Wanda ya tashi a Dakoro bai buƙatar bayani, amma zan yi, kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Kunya ce. Mace ba ta kiran ɗan farinta, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, wasu matan ma ko a bayan mutane. Inna tana cikin wasun. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, uwar babana, can na girma har ta rasu, na dawo gidanmu ina aji biyu na kolej, lakkwal ta gaba da firamare. In Inna na son ruwa sai ta ce, "Ke." In tana magana a kaina da wata sai ta ce "waccan". Ƙanwata da na ba shekara tara ita ake ma kitso a cinya, ita ake zagi da sunanta. Har zagin nake kishi.

Babana ya rasu cikin bazara, shekarar da nake turwaziyam, ajin ƙarshe na kolej. Mai allurar dabbobi ne, rabin kowane wata yana wajen makiyaya can Azagor. Ya dawo da zazzaɓi, kwana shida aka yi. Bayan wata biyu na zauna jarrabawar burbe, ta fita kolej, na faɗi, ban yi mamaki ba, babu kuma wanda ya yi mani faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Zane ɗaya mai duhu, ba kwalli, ba turare, ba fita ƙofar gida, magana ƙasa-ƙasa, da wata ƴar wuƙa da tsofaffi suka ce kada ta rabu da ita ko bayan gida za ta. Gwaggo, yayar babana, ta zo daga Birnin Lalle ta taya ta zama. Ta yi ƙoƙari, ta wuce sadakar arba'in, ta kai har na gama jarrabawa. Ranar da ruwan shuka ya sauka ta ɗaure kayanta, ta kama hannun ƙanwata, wai ta rage ma Inna ɗawainiya.

"Ga ƙatuwa nan a gida," ta ce ma Inna, tana nuna ni da leɓe. "Ba lakkwal, ba aiki. Ta taya ki hira."

Babu wanda ya tsaya ya yi tunani. An rufe mace cikin gida, an bar mata mutum guda tak, mutumin da duk duniya shi ne ba ta iya hira da shi.

Kafin nan maza sun gama yanke magana a zaure. In takaba ta ƙare Inna za ta koma Korahane wajen ƴan'uwanta, ita da ƙanwata. Ni zan zauna gidan baffana, ƙanen babana, in sake aji. Ba a tambaye ni ba, ban kuma ji an tambayi Inna ba. Saura kwana hamsin da ƴan kai. Abin da nake so cikin kwanakin nan ba shi da yawa: Inna ta nuna, ko da kalma ɗaya, cewa da ita ke da iko da ta tafi da ni. Da ta faɗa ma ƙila in ce ba ni zuwa, don ni ba mai son ƙauye ba ce. So nake dai a faɗa.

Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, kowa ya tafi gona. Da hantsi unguwarmu sai awaki. Ina shara, in ɗora tukunya, in kai mata, ta ce, "Aje." In zo in ɗauki kwano, ta ce, "Ɗauka." Sauran wunin tana kan tabarma tana saƙar faifai, kaba na ƙara a hannunta, ni ina yawo tsakar gida kamar kazar da ta rasa inda za ta yi ƙwai.

Wayar babana ta rage a hannuna, babba ce mai allo, baffa ya ce in riƙe. Ita ta cece ni, ko in ce ita ta hana ni hauka.

Fim ɗin tsoro tun muna katriyam, aji uku na kolej, na fara shi. Mu huɗu ne, muna taruwa ranar da ba lakkwal a ɗakin ɗaya daga cikinmu da babanta ke da tele, mu rufe taga da zane, mu cure a katifa guda. Daɗinshi shi ne ba ya son fassara. In desan anime aka kunna a gidan maƙwabta, irin na zane ɗin nan da ake yi ma yara, ni ake kira, don ni ce mai jin Faransanci. Zomo ya yi magana, mata shida su juyo: "Mi ya ce?" Kafin in faɗa jaki ya ba shi amsa, kafin in faɗi ta jaki an fara waƙa. Su yi ta dariya, ni ina aiki. Amma in fatalwa ta leƙo ta bayan ƙofa babu mai tambayar mi ta ce. Kowa ya gane, kowa ya cafke na kusa da shi, in an gama a yi ta nuna ma juna shatin farce ana dariya har da hawaye. Bayan reziltar jarrabawa ta fito, biyu suka ci, suka wuce lise, makarantar gaba da kolej, a Maradi, ɗaya aka kai ta wajen yayarta a Tawa, na rage.

Sai na koma kallo ni kaɗai. Bayan azahar in shige ɗakin ajiya, in zauna bayan buhunan hatsi, in sa ekutar a kunne, in lulluɓe da mayafi don duhu. Zufa na zuba, ƙwari na bin ƙafata, ban damu ba. Mutane na cewa mi ke da daɗi a tsoro. Ni dai ga abin da na sani: a fim, in gida ya yi tsit, wani abu ne ke tafe. A gidanmu tsit ɗin ne kawai, babu abin da ke tafe. Awa ɗaya da rabi zuciyata na bugawa don wata mata da ban sani ba, ya fi mani in zauna ina jin ƙarar kaba.

Wata rana matar baffa ta zo da tuwo, ta neme ni ta rasa, ta ɗaga mayafin daidai lokacin da wata gawa ke tashi zaune a allo. Ta ja baya ta dafa ƙirji.

"A'uzubillahi. A gidan mutuwa kike kallon matattu?"

"Ba namu ba ne," na ce.

"Bakin nan naki wata rana sai ya ja maki duka. Uwarki na can ita kaɗai kamar an dasa ta, ke kina nan da aljanu. In kallon ne dole, ki samo na yara mana, irin na zanen nan, ba tsiraici ba komi, ki kunna mata. Ba a hana mai takaba ido ba."

Na so in ce mata ta zo ta fassara da kanta, sai dai na ga maganarta da hanya.

Akwai wani mutum kusa da tasha, mai rumfar sharjin waya, shi ke zuba ma mutane fina-finai a kat memuwar, ɗan katin nan da ake sa ma waya. Dattijo ne da furfura a gemu, bai taɓa kallon abin da yake zubawa ba. Ya kasa su ne a ordinatarshi, wato kwamfuta, kamar mai kasa tumatir: na faɗa, na soyayya, na tsoro, na yara. Ka faɗi kashin da kake so, ya kwaso maka daga sama.

"Ƴar lakkwal, an zo ɗaukar fatalwa?"

"Na yara nake so yau."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "An shiryu ke nan."

"Ma mai takaba zan kunna. Ka ba ni wanda babu abin ɓacin rai a ciki."

"Na yara ne fa. Wane ɓacin rai? Ƴaƴana kullum shi suke kallo, ban taɓa jin kuka ba."

Ni ma haka na ɗauka. Shekara nawa ina fassara su, amma rabi-rabi, a tsakiyar fim ake kirana, kuma hankalina na kan kalmomi. Ban duba shi ba kafin in kai. Wanda ke tantance fim ɗin tsoro tun daga kiɗan farko, sai ga shi bai duba na yara ba.

Yadda zan gayyace ta ne ya dame ni. Ban taɓa ce ma Inna "zo mu yi kaza" ba. Sai na shiga ɗakin, na jingina wayar jikin langa a bakin tabarma, na ce ma bango, "Matar baffa ta ce a kunna." Na zauna nesa kaɗan. Ba ta ce in fita ba.

Labarin wasu masu gidan burodi ne a kan tudu, ƙasar da ƙanƙara ke rufe komi. Uban ƙato ne da gashin baki kamar tsintsiya, uwar siririya kamar taɓarya, ɗiyarsu guda mai tabarau, sai wani bunsuru da ke cin duk abin da aka aje. Na fara fassara da murya ɗaya, kamar mai karanta sanarwa. Inna na saƙa. Can bunsurun ya cinye hular maigari, maigari na jawabi bai sani ba, sai na ji iska ta fito ma Inna ta hanci. Ba dariya ba ce, amma ƙanwar dariya ce. Kaba ta daina ƙara.

Nan na zaƙe. Na soma sauya murya, ina yin ta uban da kauri, ta bunsurun ta hanci, ina ƙara abin da ba su faɗa ba. Na sa bunsurun ya ce ma maigari hularshi ba gishiri. Inna ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Tun da aka haife ni ban taɓa sa ta dariya ba, ni da kaina, sai ranar. Na ji kamar in tashi in zagaya gidan da gudu.

Sai uban ya ɗauki gatari zai hau dutse neman itace, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga ma ɗiyar hannu. Kiɗa ya sauya. Wanda ya saba da fim ɗin tsoro ya san wannan sauyin. Hannuna ya tafi wajen wayar ya tsaya a hanya, don in na kashe sai na faɗi dalili. Ƙanƙara ta gangaro daga dutse. Aka nuno mutanen gari a tsaye bakin gidan burodi, sun cire huluna, wani na riƙe da gatarin.

Inna ta ce, idonta a allo, "Mi suka ce?"

Ni da aka sani da faɗin magana yadda take, ni da na taɓa ce ma mushen lissafi, malaminmu, bai iya koyarwa ba, sai na ji bakina ya ce, "Wai ya wuce birni sayen fulawa. Zai daɗe."

Fim ya ci gaba. Aka nuno uwar da maraice tana jera faranti a tebur, ɗaya, biyu, uku. Ta tsaya tana duban na ukun. Ta ɗauke shi ta mayar cikin armuwar, kabad ɗin kwanoni, ta rufe a hankali don kada ɗiyar ta ji. Ba magana ko ɗaya a wurin, babu abin da zan fassara, babu abin da zan ɓoye.

"Kashe," Inna ta ce.

Na kashe. Ta ɗauki faifanta, ta daɗe tana neman inda ta tsaya. Sannan ta ce, ba da ni ba, da kabar hannunta, "Mutum ya yi shekara goma a lakkwal don ya zo ya yi ma jahilai ƙarya."

Na fita. A tsakar gida na tuna abin da nake gani kullum ina yi kamar ban gani ba: duk maraice in za a kwashe tuwo, Inna na miƙo mani kwanoni daga ɗaki, kuma kullum sai hannunta ya fara zuwa kan kwanon babana, mai murfi, kafin ta janye.

Kwana biyu ko "aje" ban samu ba. In na kawo abinci sai ta nuna ƙasa da ido. Na koma wajen mai rumfa da faɗa a bakina.

"Malam, ka ce babu ɓacin rai. An kashe uban tun ba a je ko'ina ba."

Bai ko ɗago ba, yana cusa waya a sharji. "To ai duk haka suke, in ji yarana. Sai an kashe uwa ko uba tukuna a fara waƙa."

"Shi ne ba ka faɗa mani ba?"

"Kin tambaye ni na ɓacin rai. Ƙarshensu ai biki ake yi."

Na tsaya ina kallonshi, na rasa zagin da ya dace da furfurarshi. A hanyar gida na yi ta juya abin. Fim ɗin da ake ce ma na iyali, mai launi da waƙa, shi ne ke kashe maka uba da gaske, ya mutu ya tafi, a bar ka da faranti. Na tsoro kuwa, wanda ake ce mani haram ne a gidan makoki, matattunshi ba su tafiya. Suna buga ƙofa, suna tsayuwa bayan labule, suna son a san suna nan. Da muni suke dawowa, amma suna dawowa. Ban ji daɗin gane wannan game da kaina ba, na kuma ci gaba da kallo.

Rana ta uku hadari ya haɗo daga gabas bayan azahar, aka tsuge da ruwa. Ɗakin ajiya na yoyo, ɗakin babana a kulle yake tun arba'in, babu inda zan zauna sai ɗakin Inna. Na shiga na raɓe can ƙuryar gado, na juya mata baya, na sa ekutar. Gari ya yi duhu kamar magariba, kuran, wutar lantarki, ya ɗauke. Fim ɗin wata mata ce da ta gaji wani ƙaton gida a bakin daji, ta tare ita kaɗai. Wani wuri na zabura har gwiwata ta bugi ƙarfen gado.

"Ke."

Na cire kunne ɗaya.

"Mutum ya zauna yana zabura shi kaɗai kamar mai farfaɗiya. A cire abin nan, a juyo shi nan."

"Na tsoro ne," na ce.

"An ji."

Na jingina wayar jikin langa, na zauna, wannan karon a bakin tabarmar don allon ƙarami ne kuma ruwa na dukan kwano. Ban fassara komi ba, ba ta tambaya ba. Matar na yawo cikin gidan da tocila, katako na kuka ƙarƙashin ƙafarta.

"Ji wawiya," Inna ta ce. "Gida kamar kasuwa, ke kaɗai. Wa ya aike ki?"

Sai na gane ba da ni take ba. Da matar take. Na gwada sa'ata, na ce ma matar ni ma, "Gado ta ci, ba ta son a raba da ita."

"To ci. Ga shi nan za ki ci." Matar ta ji motsi ƙarƙashin ƙasa, ta nufi matakala. "Ko bisimilla ba ta yi ba. Koma, ƴar nema. Mutum ya ji motsi a rami ya ce sai ya gani?"

"Ba ta jin magana."

"Da ganin idonta. Irin masu bakin nan ne, a waje kamar za su ci mutum, a ciki tsoro fal."

"Ba tsoro take ji ba."

"Tana ji. Dubi yadda take riƙe da fitilar."

Na dubi hannuna, na saki gefen zanen da na damƙe. Haka muka yi ta yi, ita ta faɗa ma matar, ni in ba matar amsa. A rabin awa Inna ta yi maganar da ta fi wadda ta yi mani a shekara uku. Matar kuwa ba ta san tana ɗauke da saƙon kowa ba, tana ta sauka matakala.

A ƙasan ta tarar da wata tsohuwar armuwar. Kiɗa ya ɗauke gaba ɗaya. Ta miƙa hannu, ta buɗe, babu komi. Ta sauke numfashi, ta juyo, abin yana tsaye a bayanta.

Inna ta cafke tsintsiyar hannuna. Da ɗaya hannun ta zaro ƴar wuƙar takaba ta nuna ma waya. Hannunta da kaushi, da zafi, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ban motsa ba, ko numfashi ban yi da kyau ba, kada ta tuna hannun wa ta riƙe. Matar ta ruga, ta faɗi, ta tashi, ta rufe ƙofa. Sai Inna ta dubi wuƙar, ta dubi wayar, dariya ta ƙwace mata, ta gaske, ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa. Ta sake ni, ta gyara zama, ta ce, "Astagfirullah."

Fim ya lafa. Matar ta zauna a ƙasan kicin tana kuka, ta ɗauki waya ta kira wani, ba a ɗauka ba.

"Wai ita ba ta da uwa ne?" Inna ta ce.

A fim ɗin ba a taɓa maganar uwarta ba. Na buɗe baki in faɗi haka, sai na ji na ce, "Tana da. Tana wani gari. Ba ta zo da ita ba."

Ruwa ya rage, ana jin ɗigarshi daga indararo cikin bokiti. Na ɗauka Inna ta bar maganar.

"Ƙila ba a ba ta ba," ta ce. "Ɗiya ta dangin uba ce. Ƙila ta tambaya aka ce karatu."

"Ta tambaya?"

"Sau biyu."

Ban juya na dube ta ba, ita ma ba ta dube ni ba. Muka zuba ma allo ido har fim ya ƙare, ban san yadda ya ƙare ba har yau, ko matar ta tsira ko abin ya cinye ta. Da aka fara rubutun ƙarshe Inna ta jawo faifanta ta ce, "Ke, la'asar ta yi," na tashi na zuba mata ruwa a buta.

Sauran kwanakin, kusan kullum bayan azahar sai ta ce, "Yau babu wawiyar?" Duk matan fina-finan nan wawiya take ce masu. In kunna, ta yi ta masu faɗa: wadda ta sayi ƴar tsana a hannun baƙo, wadda ta bar ɗanta ya yi wasa bakin rijiya, waɗanda suka ga kabari a gonarsu suka ƙi tashi. Fatalwar ba ta cika ba ta tsoro ba, ta ce duk yunwa ce ke damunsu da rashin mai yi masu sadaka. Abin da ba ta gane ba shi ne yadda mutane ke zama gida ba maƙwabci. Matar baffa in ta zo ta ji sauti daga ɗaki sai ta ce, "Ana ta kallon zomaye?" Inna ta ce, "Ana ta yi."

Ba ta sake riƙe ni ba. In kiɗa ya ɗauke sai ta tura hannuwanta duka biyu ƙarƙashin cinya ta zauna a kansu. Ina gani, ina jin haushi, ina kuma matsowa kaɗan ko za a dace. Maganar tafiya ma ba ta sake fitowa ba, ko ta bakin wawiya. Na sha neman fim mai uwa da ɗiya a ciki don in ja ta, mai rumfa ya ce shi bai san abin da ke ciki ba, in ɗauki abin da na samu.

Takaba ta ƙare gero na fitar da kai. Mata suka taru, aka yi mata wanka da kitso, ta sa sabon zane da kwalli, aka karɓe wuƙar. Gwaggo ta dawo da ƙanwata, wadda ta faɗa jikin Inna tun daga zaure, Inna na kiran sunanta tana cewa ta rame. Gidan ya cika kwana uku, ba wurin kallo, ba dalilinshi.

Ranar kasuwa muka raka su tasha. Motar Korahane ta cika da buhuna da mutane, aka ɗaure gadon Inna a sama. Ta yi sallama da baffa, ta yi da gwaggo, sannan ta ja matar baffa gefe, amma ba nesa ba, inda zan ji.

"Waccan, bakinta ne kawai. In ta faɗi magana a bar ta, ba ta kai ciki ba. Ba ta cin miyar kuka in ta kwana. Kuma kada a bar ta ita kaɗai da azahar."

"In sha Allahu," matar baffa ta ce. "Ke, ba ki yi ma uwarki sallama?"

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Inna ta ce ma ƙofar mota, "Amin." Ta hau, ta ɗora ƙanwata a cinya. Ƙanwata ta yi ta ɗaga mani hannu har suka sha kwana.

Matar baffa ta riƙe amana fiye da yadda nake so. Kullum da azahar sai ta nemo mani aiki kusa da ita, tsintar wake, gyaran zogale, tsefe kan ɗiyarta, tana ba ni labarin mutanen da ban sani ba. Gidan cike yake da hayaniya, babu ɗakin da zan ɓuya. Sai da na yi sati uku na samu wata Lahadi da suka tafi suna, na shige ɗaki na rufe taga na kunna sabon fim. Wata mata ce ta ji ana kiranta daga cikin rumbu, ta ɗauki fitila ta nufi wurin. Ta kai hannu ga ƙofa, na jira a ce mata ta koma, ba wanda ya ce. Na kashe wayar, na fito na zauna bakin ƙofa har suka dawo.